Shagon da ya fitar min da lambar mota a Kano, abin da na gani

Jama'a watan jiya ne na sayi wata Corolla 'yar Kwatano wadda ba ta taɓa shan lamba ba, kuma da yake ba ni da lokacin zirga-zirga saboda kasuwa sai wani abokina ya haɗa ni da wani shago na masu yi wa mutane hidimar takardun mota, irin ejan ɗin nan da ke zama kusa da ofishin lasin. Ba zan kama sunan shagon ba, amma zan faɗi yadda muka yi da su tiryan-tiryan saboda na san da yawa suna shirin shiga wannan layin.

Ɗan ƙaramin shago ne, tebur ɗaya, kwamfuta da firinta, sai benci na masu jira. Mai shagon dattijo ne mai furfura a gemu, ina zama ya ce "Alhaji kawo takardar kwastan tukuna, in babu ita ba ma fara magana." Bai tsaya ga takarda ba, sai da ya fito da kansa ya sa na buɗe bonet, ya haska tocilan waya yana bin lambar shasi harafi-harafi yana gwadawa da abin da ke rubuce a takardar duti. Wallahi a nan na fara samun natsuwa da shi, don na san akwai waɗanda kuɗi kawai za su karɓa su ce ka dawo jibi.

Abin da ya fi burge ni shi ne bayanin da ya zauna ya yi min, don ni duk shekarun nan da nake tuƙi ban taɓa kula da yadda ake tsara lambar ba. Ya ɗauko wata tsohuwar lamba da ke rataye a bango da wata sabuwa ya jera min su a kan tebur. Tsohuwar irin wadda aka fara a 1992 ce, haruffa 2 a gaba, sai lambobi 3, sannan haruffa 3 na ƙaramar hukuma a can ƙarshe. Sabuwar da aka kawo a 2011 kuma an juya ta, haruffan ƙaramar hukuma su ne a farko, sai lambobi 3, sai haruffa 2, ga taswirar Najeriya koriya a bayan rubutun, tuta a sama ta hagu, sunan jiha da kirarinta a sama, mu namu na Kano Centre of Commerce. To haruffa ukun nan su ne asirin, KMC birni da kewaye ke nan, DAL Dala, FGE Fagge, GWL Gwale, NSR Nasarawa, TRN Tarauni, UGG Ungogo, KBT Kumbotso, haka dai kowace cikin ƙananan hukumomi 44 da muke da su tana da nata. Ya ce wasu wuraren ma ba sunan ƙaramar hukumar ake ɗauka ba sai na hedikwatarta, shi ya sa a Kaduna za ka ga DKA wato Doka, da MKA wato Makera, ba za ka ga an rubuta Kaduna ta Arewa ko Kaduna ta Kudu ba.

Na tambaye shi batun lambar Abuja da samari ke rububi, wai ta fi aji. Ya ce min "Alhaji ai ABJ ɗin da suke gani Abaji ce, RSH Karshi, RBC Rubochi, KWL Kwali, duk ƙauyuka da garuruwan gefen Abuja ne." Ni dai a raina ban ga dalilin da mutum yana zaune a Kurna zai kai kuɗin harajinsa Abuja ba, alhali titin Kano yake takawa kullum.

Sai maganar kala, wadda ita ce ta ƙara min ganin girman mutumin. Rubutu shuɗi na motar gida ne, ja na haya, kore na gwamnati. Ina zaune wani matashi ya shigo, Sienna gare shi yana lodin Kano zuwa Abuja, yana so a yi masa shuɗiya don kada a dinga tsayar da shi a hanya, har yana cewa zai ƙara wani abu a kai. Dattijon nan ya ce "ɗana, ni ba na yin wannan, mota ta haya ja ake sa mata, in ka yi haɗari da fasinja inshora ma ba za ta kalle ka ba." Yaron ya fita ransa a ɓace, shi kuwa ko a jikinsa.

Yanzu inda ba su kyauta min ba. Sun ce kwana 10, sai da na yi sati 3 cif ina yawo da takardar wucin gadi a gaban gilashi, kuma ba sa kira su ce ga halin da ake ciki, sai kai ne za ka yi ta buga waya yaron shagon yana ce maka netwok ne, gobe insha Allahu. Ni jinkirin bai dame ni kamar shirun ba. Sannan na roƙi a ba ni DAL tunda a Dala aka haife ni, suka amsa da to, ranar karɓa sai ga GWL, sai a lokacin ake gaya min ai wadda ke ƙasa ita ake bayarwa. Da tun farko aka faɗa min da ban sa rai ba. Na uku yaron da ya ɗaura min ita ya huda ramin kusa a karkace, ta baya ta ɗan zame gefe guda, dole na kai wajen mai fanel bita ya gyara. Kuɗin hidimarsu kuma ba a rubuta shi a rasit ba, na gwamnati da na inshora ne kawai ke da takarda, nasu da baki aka faɗa, wannan ya kamata su gyara.

Amma kafin na bar shagon dattijon ya sa na buɗe shafin Rod Sefti na tantance lamba a wayata, ba a kwamfutarsa ba, na rubuta lambar da hannuna, sai ga ta ta fito da irin motata daidai. Ya ce ko a wurin wa na sake yin lamba in yi haka kafin in biya ragowar kuɗi, saboda akwai masu buga ta bogi a bayan layi kuma da ido ba ka rabe su. Ya kuma ja min kunne kada masu wankin mota su dinga goge ta da Omo da soson ƙarfe don fentin kan koɗe, kada kuma in sa mata baƙin murfin roban nan da ke ɓoye rubutu, laifi ne.

Ƙanena zai ɗauko tasa motar bayan sallah, can zan tura shi, amma na ce masa ya sa a ransa sati 3 ne, kuma ya tafi da mai ɗaura masa lamba daga gida.