Batirin kwamfutata da dattijon Bajamushe

Wata uku ina mitar batirin kwamfutata, awa biyu ba ya kaiwa. Na tambayi kuɗin sabo a nan Kolon ta Jamus, da na ji farashi na ja da baya. Maƙwabciyata ce ta tura ni Repair Café, wani zama da masu sa kai, yawancinsu tsofaffi 'yan fansho, ke gyara wa mutane kaya kyauta, sai abin da ka jefa a gwangwani. A Amsterdam aka fara shi a 2009, yanzu ya bazu a Jamus. Sai da na jira mako uku kafin ranar ta zagayo. Na tuna gida, inda kana zaune kan benci kana shan fura za a kwance maka kwamfuta a ɗaure.

Dattijon da na faɗa hannunsa ko sukurdireba bai ɗauka ba. Ya duba lafiyar batirin, ya ce da sauransa. Sai ya fara nuni da yatsa. Bluetooth a kunne, babu abin da ke haɗe da shi. Fitilar madannai tana ci da rana tsaka. Hasken allo na ƙure shi. Ɗan tsinken linzami yana maƙale a ramin USB tun bara, linzamin kuwa yana gida. Katin hoto na Nvidia yana ta aiki, ni da rubutu kawai nake yi. Ya ce kowannensu yana lasar batiri ko ba ka taɓa shi ba. Ya shiga Device Manager, inda Windows ke jera kayan cikin kwamfuta, ya kashe kyamara da ramin katin SD, ya ce masu amfani da Linux maimakon Windows suna da PowerTOP, manhajar da Intel ta fitar a 2007, mai tona asirin duk abin da ke shan wuta.

Sannan ya tambayi ƙasarmu. Na ce Najeriya. Ya ce ai shi ya ɗauka waɗanda wuta ba ta isa su ne gwanayen tattalinta.

Wallahi kamar ƙasa ta tsage in shige. Su Jamusawa da wutarsu ba ta ƙiftawa, tun da kuɗin kilowat-awa ɗaya ya kai wajen santi 40 na Yuro a 2023 ko fitilar banɗaki ba sa mantawa. Mu kuwa a ɗauke wuta mu yi ta tsinuwa, komai na kwamfuta a kunne, ta mutu mu tayar da janareta saboda ita kaɗai. Mai gyara ma ba ya dubawa: "Alhaji, batiri ya tafi, kawo kuɗi."

Yanzu tana kai ni awa huɗu. Ƙanina da ya dame ni in aiko masa da sabon batiri, saƙon murya na tura masa. Har yau bai amsa ba.