Kebul ko waifai a rumfar aiki ta haɗaka? Amsa ga Ogan da ya yi tambaya jiya

Salam 'yan uwa. Oga na ga tambayarka, ka ce rumfa ɗaya kuke ku da yawa, masu gyaran waya a gaba, mai buga bana da sitika a tsakiya, 'yan walda a can baya, sai mai injin zanen kaya na kwamfuta a cikin kwantena a gefe, kuma rawuta ɗaya kuke haɗa kuɗin datarta tana ajiye a ofishin gaba, na baya basa samun komai sai sun fito bakin ƙofa suna ɗaga waya sama. Shine kake tambaya ku sayi ekstenda ko mesh, wato na'urorin ƙara wa waifai nisa, ko kuwa ku ja kebul. Na ga wasu har sun ce ka sayo babbar rawuta mai eriya shida kawai, to dan Allah ka dakata tukuna kafin ka shiga kasuwa.

Abu na farko ka tsaya dab da rawutar ka gwada gudun intanet ɗin da wayarka, da safe sau ɗaya da yamma sau ɗaya. In a nan kusa ma yana jan ƙafa to matsalar daga kamfanin layin ne ko inda aka ajiye rawutar, kebul bazai gyara ba, mesh ma haka, sai dai a matsar da ita jikin taga ko a sa mata eriyar waje ko a canza layi. In kuma a kusa yana gudu amma a baya ya mutu, to wannan ita ce maganar da zamu yi.

Shi waifai babban abokin gabarsa ƙarfe ne, kuma ku wajenku ƙarfe ne ko ta ina, rufin kwano, ƙofofin ƙarfe, kantoci, rodi da fayif ɗin 'yan walda a jingine, ga kwantena. Sigina baya huda ƙarfe, dawowa yake yi. Bulon siminti ma yana cinye shi sosai, bango biyu uku ya isa ya kashe shi. Kuma duk ƙarfin rawutar da ka saya ka tuna magana ce ta je ka dawo, ko rawutar ta iya kai muryarta baya, ƙaramar eriyar da ke cikin waya ba lallai ta iya maido da amsa ba, shi yasa zaka ga sanda uku a waya amma WhatsApp yana ta juyawa. Akwai zangon sigina iri biyu, 2.4 da 5, a yawancin rawutocin yanzu, 2.4 yafi nisa amma cunkoso ne a kansa, Bluetooth ma a nan yake da waifan duk maƙwabta, 5 kuma yafi gudu amma da ya haɗu da bango ya rage ƙarfi.

Kebul shi babu ruwansa da kwano ko bango. Kebul nau'in Cat6 ko ma Cat5e mai kyau zai kai maka gudun gigabit, wato megabit 1000 a sakan ɗaya, har mita 100, ko mutum nawa ne a rumfar. Ka ɗauki masu gyaran waya, fayil ɗin filashin na giga 5 in za'a tura daga kwamfutar wannan zuwa ta wancan, a kan gigabit bai kai minti ɗaya ba, a kan tsohon suwic (akwatin da ake soka kebul da yawa su haɗu) mai gudun megabit 100 kuma kusan minti bakwai, a kan waifan da ya ratso bango biyu kuwa sai abin da Allah ya yi, kuma yana iya yankewa a tsakiya. Mai bana shima haka, in firinta tana karɓar aiki ta netwok ya katse ana tsakiyar bugu, an yi asarar leda da tawada, kuma shi zai biya ba kwastoma ba. Irin waɗannan injinan da basa motsi daga inda aka kafa su ni wallahi bana ganin dalilin barinsu a waifai.

Ekstenda ita ce mafi arha kuma ita nafi hana mutane. Aikinta kamar tafinta ne, sai ta saurara ta gama ji sannan ta maimaita, saboda haka masu rediyo ɗaya gudun yana raguwa kusan rabi tun kafin a je ko'ina, kuma in ka sa ta inda siginar ta riga ta yi rauni to raunin take maimaitawa. Mesh, wato na'urori biyu uku da ake rarrabawa su yi aiki tare, yafi ta nesa ba kusa ba, sunan waifan ɗaya ne ko ina ka zaga, saitinsa da waya cikin minti kaɗan, kuma a gida mai ɗakuna yana aiki lafiya lau. Amma su ma ta iska suke magana da junansu, ƙarfen da ya tare wayarka zai tare su. Inda zan ce ka sayi mesh shine in mai rumfar ya hana huda bango, ko haya ce ta ɗan lokaci kuna shirin tashi. Ko a hakan ka duba bayansu ka tabbata akwai ramin kebul, dan duk ranar da kuka samu dama ku haɗa su da kebul su koma aiki yadda ya kamata.

Waɗancan da ake soka wa a soket su bi ta wayar wuta kuma ka manta dasu, wajen da ake canji tsakanin NEPA da janareta da inbata ga injin walda a layi ɗaya, wahala zaku sha.

To kebul ɗin shima yana da nasa. Aiki ne, sai an huda, an ja, an matse kai, kuma a kasuwa akwai na jabu da yawa. Zaka ga kwali an rubuta Cat6 mita 305 da arha mai daɗi, ashe CCA ne, wato alminiyon aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Kafin ka biya ka ce a yanko maka ɗan guntu, ka fere silin waya ɗaya ka kankare da reza, in ciki ya fito fari kamar azurfa ka ajiye musu kayansu, na gaske ja ne har ciki. CCA yana karyewa a wajen matse kai, kuma in zaka tura wuta ta cikinsa yana zafi yana zubar da ƙarfi a hanya. Sai ɓera, in ka bar kebul a fili saman silin zai ci, a sa shi cikin fayif ɗin roba. Ta ɓangaren 'yan walda kada a ɗaure shi jiki ɗaya da wayar wutar injin, a bar tazara kamar taku ɗaya, in dole sai sun haɗu to su gicciye juna kada su jera, kuma a ɗaga shi sama inda tartsatsi da ƙafa basa kaiwa. Mai ja muku ya zo da testa ya gwada kowane layi a gabanku, fitilu takwas su kama bi da bi, sannan a rubuta lamba a kai biyun.

Abin da ni zan yi a wajenku shine haɗa biyun, amma kebul ne ƙashin baya. Suwic mai rami takwas na gigabit kusa da rawuta, ka duba a jikinsa an rubuta 10/100/1000 dan har yanzu ana sayar da masu 10/100. Daga nan layi ɗaya zuwa teburin masu gyaran waya, ɗaya zuwa firinta, ɗaya cikin kwantena dan ita akwatin ƙarfe ce babu siginar da zata shiga in an rufe ƙofa, sai layi ɗaya ko biyu zuwa na'urar watsa waifai da ake kira AP, a maƙala ta sama a tsakiyar rumfa ƙasa da kwano kaɗan, ba cikin kabad ba ba bayan kanta ba. TP-Link suna da su, Ubiquiti da MikroTik ma haka, ya danganta da aljihu da kuma wanda zai iya saita muku. In kuɗi bai kai ba tsohuwar rawuta ma tana yi, a kashe mata DHCP, wato saitin da ke raba wa na'urori adireshi, a soka kebul a ramin da aka rubuta LAN, shikenan. In AP ɗin sun kai biyu uku a raba musu tasha a 2.4, wato 1 da 6 da 11, kada su riƙa danne juna.

Maganar wuta ma tana goyon bayan kebul. In suwic ɗin da AP ɗin masu PoE ne, wato tura wuta ta kebul ɗin data, kebul ɗin da ya kai data shi zai kai wa AP wuta, kenan rawuta da suwic kaɗai zaku ɗora a kan ƙaramin batir ko inbata a waje ɗaya, an ɗauke wuta ko ana tada janareta netwok bai sani ba. Mesh kuwa kowanne da soket ɗinsa, duk canjin wuta sai sun mutu sun tashi sun sake neman juna. Abu ɗaya da zan ja kunne, in kwantenar ko wani shagon ba a jikin gininku yake ba har sai kebul ya bi ta fili, to damina da tsawa suna iya ƙona muku suwic da duk abin da ke jikinsa, nan gara kebul ɗin faiba tunda ita gilas ce bata ɗaukar wuta.

Waifai kuma a bar shi ga wayoyi da laftof da kwastoma, nan babu abin da ya kai shi. Amma ku buɗe sunan waifai na biyu na baƙi daban da na aiki, a sa masa iyakar gudu, saboda yanzu wayar Android tana nuna kalmar sirri ta QR, wanda ka bai wa yau ya raba wa mutum biyar kafin la'asar, datar da kuka haɗa kuɗi ta tafi a kallon TikTok, kuma bai dace baƙo ya iya ganin firinta da kwamfutocin da hotunan mutane ke ciki ba. Ku kuma zauna ku yarda mutum biyu ne kawai zasu riƙe sirrin shiga saitin rawutar, a rubuta a ajiye, dan a wajen haɗaka rigimar tana yawan fitowa daga nan in mai riƙewa ya yi tafiya ko ya bar rumfar.

Ka auno tsawo da faɗin rumfar ko da taku ne, da nisan kwantenar daga ofis, ka zana a takarda inda bango yake da inda injinan suke ka ɗauki hoto ka turo, sai mu lissafa mita nawa na kebul zaku saya da ko AP ɗaya ta isa.