Wasiƙa zuwa Gombe: abin da na gani a shagon tabarau a Ingila

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ka tambaye ni dalilin da ya sa tabaran da na aiko wa Baba ya fi wanda aka saya masa a Babbar Kasuwa daɗin karatu, alhali a ido kamar ɗaya suke. Shekara huɗu ke nan ina aiki a wani shagon gwajin ido a Birmingham, kuma abin da na fahimta shi ne bambancin ya faro tun daga yadda ake riƙe ma'aikacin da ya auna idon.

A nan ba a barin kowa ya gwada ido sai likita ko wanda hukumar General Optical Council ta yi wa rajista, kamar yadda mu ma muke da hukumar rajistar masu wannan sana'a a Najeriya. Yara 'yan ƙasa da shekara 16, da dattawa daga shekara 60, da masu ciwon suga, duk hukumar lafiya ta NHS ce ke biya musu kuɗin gwaji. Haka kuma doka ta wajabta wa mai kamfani ya biya kuɗin gwajin idon ma'aikacinsa da ke wuni a gaban kwamfuta, idan ya nema. Na tuna ƙanwarmu da ke buga takardu a kusa da Tashar Dukku, wadda take komawa gida da jajayen idanu, ba wanda ya taɓa ce mata sannu balle a biya mata magani.

Amma abin da ya fi taɓa zuciyata ya faru ne a bara. Manajanmu ya so ya rage lokacin ganin kowane mutum domin a ƙara yawan masu shigowa, sannan ya riƙa matsa mana mu tallata firam masu tsada ko da mutum bai buƙata ba. Wata abokiyar aikina, mai gwajin ido, ta ƙi amincewa, domin a ranar akwai wata tsohuwa da ta ga alamar hawan jinin ido a tare da ita, cutar da ke cin gani a ɓoye ba tare da zafi ba, kuma ta tsaya ta sake aunawa har sau biyu kafin ta rubuta mata takardar zuwa asibiti. Da aka kira ta zaman ladabtarwa, sai ta zo da wakilin ƙungiyarta ta ƙwadago, wanda wata dokar aiki ta shekarar 1999 ta ba kowane ma'aikaci damar zuwa da shi. Na ga mutumin ya shigo da 'yar jakarsa, ya zauna a gefenta, ya buɗe fayil ɗin tsohuwar a kan tebur cikin natsuwa. Ba a yi rabin awa ba aka janye maganar. Wallahi, Yaya, da ita kaɗai ce a ɗakin nan, ban san yadda za ta kaya ba, kuma da ta sallama, idon tsohuwar ne zai biya.

Hutun shekara a nan kwana 28 ne da albashi ga mai cikakken aiki, yayin da dokar ƙwadago ta gida ta tsaya a kan kwana 6. Wanda ya wuce awa 6 yana aiki kuwa, dole a ba shi hutun minti 20, wanda ni a cikinsa nake sallar azahar.

Kada ka ɗauka komai zuma ne. Yawancin masu sayar da firam irina ba su cikin kowace ƙungiya, albashinsu kuma da ƙyar yake kai su ƙarshen wata saboda tsadar haya, sannan layin jiran aikin yanar ido a asibitin gwamnati yana iya ɗaukar watanni. A gida ma ma'aikatan asibitocin gwamnati suna da haɗaɗɗiyar ƙungiyar ma'aikatan lafiya ta JOHESU da ke tsaya musu, sai dai yaran da ke aiki a ƙananan shagunan tabarau masu zaman kansu, waɗanda ko takardar ɗaukar aiki ba a ba su, su ne nake tausayi, domin in maigida ya ce su sayar wa mutum abin da bai dace da idonsa ba, ba su da bakin musu.

Don Allah ka kai Baba Asibitin Koyarwa na Tarayya a auna masa hawan jinin ido kafin azumi, kuma ka turo min hoton takardar da za a rubuta masa. A gaida Inna da Anti da yara.