Telan da ya ɗinka mana kayan mutanen da

Duk mai neman telan da zai ɗinka mishi kayan wasan kwaikwayo a nan Maradi, akwai wani dattijo can bayan babbar kasuwa, hannunshi na da kyau amma fa sai kana da haƙuri. Mu wasan ƙarshen shekara ne na 'yan lise ɗinmu a kan abin da duniya ke ciki wajen 1450, malamin tarihi ya raba shi gida uku, ƙasar Hausa da Turkawa da Turawa.

Wajen kayan Hausa kam babu magana. Yara suka ce dole a sa Muhammadu Korau tunda mu Katsinawa ne, sai aka haɗa shi da Sarkin Kano Muhammadu Rumfa da ya hau sarauta a 1463. Na je da shadda, baba ya kalle ta ya ce "Malam ai wannan ba ta zamaninsu ba ce, samo mini saƙi", da kanshi ya kai aka rina baƙi, ya kawo rawani mai ƙyalli irin na turkuɗi wanda ke barin shuni a goshi. Har takalmin gashin jimina da ake dangantawa da Rumfa sai da ya yi, jiminar ce dai babu, gashin talotalo ya rina ya liƙa kuma wallahi daga nesa ba ka ganewa.

Na sarkin Turkawa Sultan Muhammad al-Fatih ma bai ba shi wuya ba, kaftani ne dogo da ƙaton rawani, yaron ya fito tsaf kamar shi ya ci birnin Kustantiniyya (Istanbul ta yanzu) ranar 29 ga Mayu 1453 yana ɗan shekara 21.

Matsalar a wajen Turawa take. Matan manyan Faransa na lokacin doguwar hula mai tsini suke sawa da mayafi shara-shara yana reto daga ƙololuwa, baba ya yi tashi da kwali ya naɗe da yadi, to zafin Maradi ga zufa, kafin a kai rabin wasa biyu sun lanƙwashe sun kwanta, iyaye sai dariya ana cikin maganar ƙarshen yaƙin shekara ɗari na Ingila da Faransa, wanda shi ma a 1453 ɗin ya ƙare. Takalman maza masu dogon baki kuwa ya ce shi bai yarda mai hankali ya taɓa sa wannan ba, ya rage tsawon ba tare da ya tambaye ni ba. Alhali tsawon shi ne labarin, don a Ingila sai da aka yi doka a 1463 aka hana waɗanda ba manyan fada ba wuce inci 2. Shi kuma Gutenberg na Jamus mai injin buga littafi, rigar da aka yi mishi ta fi kama da ta likita.

Kuɗi bai tsawwala ba gaskiya, ya ma rage mana da ya ji na 'yan makaranta ne. Alkawari ne dai sai a hankali, yau babu kuran gobe ya tafi suna, don haka ku kai aikin tun da saura wata guda, kuma ku buga mishi hotunan a takarda manya, idonshi ba ya ganin na cikin waya sosai.