Wata huɗu muna koyon magana ta waya a Agege

Yarona ya cika shekara 3 ba shi da kalmar da ta wuce goma a bakinsa. "Mama", "ruwa", "a'a", sauran duk nuni da yatsa ne da kuka. Hajiya, surukata, ta ce a ƙyale shi, babansa ma sai da ya daɗe. Wata maƙwabciya ta ce linzami ne, a kira wanzami. Wata kuma ta ce harsuna ne suka yi masa yawa: Hausa a ɗaki, Yarbanci a tsakar gida, Turanci a makaranta.

Likitar yara ta ce a fara gwada jinsa, don yaro ba ya kwaikwayon abin da bai ji ba. Kunne lafiya lau. Ta ce ɗan shekara 2 ma ya kamata ya fara haɗa kalma biyu, saboda haka mu nemi mai gyaran magana. Wadda aka haɗa mu da ita a Lekki take. Wanda ya san Legas ya san ɗaukar yaro daga Agege zuwa Lekki a danfo wuni ne guda. Shi ya sa na yarda da zama ta Zoom, wato kiran bidiyo, minti 45, sau biyu a mako.

Na zaci zan jingine masa wayar ne in shiga kicin. Ashe ni ce ɗalibar. Ranar farko Malama, mai gyaran maganar, ta ce, "Maman yaro, kina saurin ba shi abu tun bai nema ba." Ta sa na riƙe ayaba a hannu ɗaya, biskit a ɗaya, na faɗi sunan kowanne, sannan na yi shiru ina ƙirga biyar a zuci. Wallahi shirun nan ya fi komai wuya. In ya ce "mota", ni in ce "jar mota", ba gyara, ba "sake faɗa". A mako na bakwai, muna karin kumallo, ya miƙo kofi ya ce "ƙara shayi". Hajiya da ke cewa ɓarnar kuɗi muke yi, ita ta fara rangaɗa guɗa.

Inda nake da ƙorafi shi ne harshe. Malama ba ta jin Hausa. Ta dai dage cewa kada mu daina yi masa Hausa, harshe biyu ko uku ba sa hana yaro magana, kuma na gode mata da wannan. Amma in ya ce "kofa" maimakon "ƙofa", ita a kunnenta daidai ne. Su ɗ da ɓ da ts ni nake sa musu kunne. Hotunan da take nunawa kuwa, tuffa ne da dusar ƙanƙara. Sai da na ɗauki hoton buta da ludayi da tabarma na tura mata.

Ga ɗaukewar wuta, ga janareton maƙwabci yana rufe muryar yaron, ga data. Kuɗin zama ɗaya ya kai cefanen kwana uku a gidanmu. In babu babban da zai zauna da yaro kullum ya maimaita aikin, kada a fara.

Mun sake biyan wata biyu. Jiya ya ce wa Hajiya "Kaka tashi", don ta zauna masa a kan mota.