Gida biyu da muka kwana a Shafshawan

Mun gama ziyara a birnin Fas, a zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, da sauran kwana biyar kafin jirginmu ya tashi daga Kasablanka. Ƙanwata ce ta nace sai mun je mun ga Shafshawan, garin nan mai shuɗin bango da ta daɗe tana kallo a waya. Hajiya, mahaifiyarmu, ba ta musa ba. Cewa ta yi tunda Allah ya kawo mu ƙasar, mu ga abin da ya sawwaƙa. Shekarunta 68, kuma gwiwarta ta hagu ta daɗe tana damunta, musamman in an shiga sanyi. Watan Disamba ne. Ni na kama mana masauki ta manhajar waya ana gobe za mu tashi, kuma a kan wannan zaɓin nake son yin magana, don na san akwai masu zuwa ziyara da iyayensu da za su so su ƙarasa can.

Shafshawan, wanda mutanen wurin ke taƙaitawa su ce Shawan, ƙaramin gari ne a jikin duwatsun Rif a arewacin Maroko. Jirgin ƙasa ba ya zuwa, filin jirgin sama ma babu. Daga Fas bas muka shiga, tafiyar kusan awa huɗu a hanya mai yawan kwana. Maulaya Ali bin Rashid ne ya kafa garin a 1471 a matsayin sansanin tare Turawan Fotugal, daga baya Musulmi da Yahudawan da aka kora daga Andalus suka zo suka cika shi. Wanda ya gina gari don gudun abokan gaba a jikin dutse zai maƙala shi, ya matse lungunansa, kuma haka tsohon garin yake har gobe. Mota ba ta shiga. Na karanta wannan tarihin tun a Fas, amma ban haɗa shi da maganar inda za mu kwana ba.

Gida na farko na zaɓe shi ne saboda hoton saman soronsa. Irin tsofaffin gidajen nan ne da suke kira dar, masu tsakar gida a tsakiya da ɗakuna kewaye, an gyara shi ya zama masaukin baƙi. A taswirar waya, tsakaninsa da babban dandalin garin, Uta al-Hammam, bai fi tafiyar minti biyar ba. Taswira kuwa shimfiɗe take nuna ƙasa, ba ta nuna hawa.

Tashar bas tana can gangare a sabon gari. Muka ɗauki ƙaramar tasi mai launin shuɗi, ta hau da mu har inda hanyar mota ta ƙare, kusa da dandalin. Direban ya duba adireshin, ya dubi Hajiya, ya nuna sama da hannu, ya faɗi wata magana da Larabcinsu wadda ban kama duka ba, amma fuskarsa ta isar da saƙon. Wani ɗan dako ya saɓa akwatunanmu biyu ya yi gaba. Mu kuma muka fara hawa. Matakala ce bayan matakala, wata gajera, wata mai tsawon da sai ka ɗaga ƙafa sosai, an shafe gefensu da shuɗin fenti, ga yayyafi da aka yi da rana ya sa dutsen santsi. Na ƙirga har ɗari na daina. Hajiya tana riƙe da hannuna, tana tsayawa duk bayan ɗan hawa ta jingina da bango. Ba ta ce komai ba sai salati a hankali. Tafiyar minti biyar ɗin nan ta ci mana kusan rabin awa.

A bakin gaskiya gidan yana da kyau, kuma ba zan rage masa komai ba ta wannan fannin. Akwai tsabta. Matashin da ke kula da shi ya tarbe mu da shayin na'ana'a mai zafi, da ya ga halin da Hajiya take ciki ya ruga ya kawo kujera tun daga bakin ƙofa. Saman soron ma ya fi hoton: garin duka a ƙarƙashinka, shuɗi da fari, rufin jan bulo, kan duwatsun nan biyu masu kama da ƙaho waɗanda ake cewa daga su garin ya samo sunansa suna tsaye a bayanka. Da magariba kiran salla ya taso daga masallatai ta ko'ina a lokaci guda, yana bugun dutse yana dawowa. Ƙanwata ta yi shiru ta ajiye wayar.

Sai dai Hajiya ba ta ga wannan ba, domin ɗakinmu yana hawa na biyu, soron yana hawa na uku, kuma matakalar cikin gidan ta fi ta waje tsanani: siririya, mai murɗewa, ba abin dafawa. A tallar gidan babu inda aka faɗi haka. An rubuta akwai intanet, akwai karin kumallo, akwai ruwan zafi, amma ba a ce duk ɗakunan kwana a sama suke ba. Wannan shi ne babban ƙorafina a kansu. Mai gida a gari irin wannan ya san baƙinsa ba duka matasa ba ne, layi ɗaya ya isa ya faɗakar da mutum.

Ƙorafina na biyu shi ne sanyi. Mu da muka saba da hunturu muna ganin mun san sanyi, amma namu busasshe ne, ka rufa da bargo ka yi barci. Na can jiƙaƙƙe ne. Yankin yana samun ruwan sama sosai a lokacin sanyi, bangon tsofaffin gidajen mai kauri ne, lungun ba ya samun rana, saboda haka danshi yana zama a ɗaki ya shiga bargo, ya shiga ƙashi. Hita ɗaya ƙarama aka ba mu ta lantarki, wadda ɗuminta bai wuce taku biyu ba. Ruwan zafin kuma tanki ne ƙarami, mutum ɗaya ya yi wanka ya ƙare, sai an jira. Da asuba na tarar da Hajiya zaune a bakin gado tana murza gwiwa da man zafi. Na ce, "Hajiya, sannu. Ko mu koma Fas?" Ta ce, "A'a, Babangida. Ka dai nemo mana inda ƙafa za ta taka ƙasa."

Da gari ya waye na sauka ni kaɗai na bi gidajen baƙi da ƙafa, abin da ya kamata a ce tun farko na yi ta waya. Kowane na shiga tambaya huɗu nake yi: ina mota take iya tsayawa mafi kusa, matakala nawa ce daga nan zuwa ƙofa, akwai ɗaki a ƙasa, da me ake ɗumama shi. Larabcin makaranta ya yi mini aiki, ko da yake sai na roƙe su su sassauta nasu. Wanda ya iya Sifaniyanci ma ba zai sha wuya ba a nan, don Sifen ta riƙe yankin kafin samun 'yancin Maroko a 1956, kuma harshen bai bar bakin mutane ba.

A gida na huɗu na dace. Ƙaramin otal ne a ƙasan tsohon gari, ɗan taƙi kaɗan daga inda tasi ke sauke mutane, hanyar kuma kusan a miƙe take, hawa uku ko huɗu ne kawai a bakin ƙofa. Ba shi da kwalliyar na farko. Kayan ɗakin sun kwana biyu, labulen ya koɗe, tagar kuma bangon maƙwabta take kallo. Kuɗinsa ya ɗara na farko kaɗan, ga shi na yi asarar kuɗin dare ɗaya a can, don sun ce ƙa'idar manhajar ba ta yarda a mayar ba. Amma ɗakin a ƙasa yake, da na'urar sanyaya ɗaki irin mai juyawa ta ba da zafi, da banɗaki a ciki wanda ruwan zafinsa bai yanke mana ba ko sau ɗaya cikin dare uku. Da na tambayi buta, matar da ke gyaran ɗakuna ta gane nan take, ta kawo ƙaramin bokiti da moɗa, ta kuma nuna mana alƙibla ba tare da mun tambaya ba.

Aibinsa hayaniya ce. Kusa da dandali yake, masu gidajen abinci suna kiran baƙi har dare ya yi nisa, kuma da safe motocin 'yan yawon buɗe ido masu zuwa yini ɗaya daga Tanja da Fas suna juye mutane a kusa. Mai neman shiru ba zai ji daɗinsa ba. Karin kumallonsa ma na gidan farko ya fi shi. A can an ba mu cukwin akuya ɗanye, wanda garin ya yi suna da shi, da zuma da man zaitun da gurasa mai ɗumi, a nan kuwa burodi ne da jam da ƙwai. Mun gyara wannan da kanmu, muna fita mu sayi bisara, wani fate na wake da ake zuba wa man zaitun, mai arha da riƙe ciki.

Abin da sauyin ya saya mana shi ne Hajiya ta ga garin. Daga ƙofar otal ɗin tana takawa da sandarta zuwa dandalin, ta zauna a rana tana kallon jan bangon Kasba, wato tsohon sansanin garin, da hasumiyar babban masallaci mai kusurwa takwas. Bayan magariba, da aka fara karatun izu na jam'i kamar yadda suke yi a masallatan ƙasar, ta kasa kunne ta ce, "Ai wannan Warshu ne, irin namu na allo." Ta bi su da baki har suka kai aya. Ras al-Ma, inda ruwa ke ɓuɓɓugowa daga dutse a saman garin, mata suna wanki a gefe, da tasi muka kai ta ta hanyar da ta zagaya bayan gari. Masallacin da Sifaniyawa suka gina a kan tudu, inda ake zuwa kallon faɗuwar rana, ni da ƙanwata muka hau, muka bar ta a ɗaki mai ɗumi da carbinta, hankalinmu kwance.

Wani abu da zan ƙara, tunda ya shafi wurin kwana: a lungunan sama, in dare ya yi, samari sukan tare baƙo namiji suna tallar tabar wiwi, wadda ake nomawa a duwatsun yankin. Ba wanda ya yi mini rashin mutunci, ka ce a'a sun wuce, amma mai tafe da iyali zai fi son hanyar gidansa ta kasance mai haske da mutane.

Da ni kaɗai ne, ko ni da abokai, da rani, da jaka ɗaya a baya, gidan farko zan koma, in nemi ɗakin da ya fi kusa da soro. Da tsoho, ko mai juna biyu, ko ƙananan yara, ko manyan akwatuna irin namu na masu dawowa daga ziyara da tsaraba, na biyun zan sake kamawa ko da kuɗinsa ya ninka. Kuma kafin in biya ko dirhami ɗaya zan ce a turo mini bidiyon hanyar daga inda mota ke tsayawa har bakin gado.

Ranar da za mu tafi, tasi ta zo har kusa da ƙofa. Muka nufi Tanja, daga can muka hau jirgin ƙasa mai gudun nan, Al-Buraƙ, wanda ya kai mu Kasablanka cikin awa biyu da 'yan mintoci. A cikin jirgin Hajiya ta karɓi wayar ƙanwata ta ce a nuna mata hotunan saman soron gidan farko. Ta daɗe tana kallo, tana matsar da su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, sannan ta ce, "Masha Allah. Ashe haka yake daga sama."