Bodin faiba da na kabon, yadda na gansu a Ingila

Yaya barka da warhaka. Motocin nan da ka tambaya, waɗanda ake kawo maka a akwatuna ka haɗa abinka a gareji, nan Ingila kasuwa ce guda. Kamfanin Caterham ma tun 1973 da suka sayi haƙƙin ƙera motar Lotus Seven suke wannan harkar. Su gefen motar alminiyam ne, amma hancin da madgad yawanci faiba ne, wato na zaren gilashi, in kana son na kabon, wato na zaren kabon, ka ƙara kuɗi.

Dalilin amfani da faiba kuwa, buga bodin ƙarfe sai da manyan injinan matsi masu ɗan karen tsada, ƙaramin kamfani mai fitar da motoci kaɗan ina zai iya. Faiba kuwa mazubi kawai ake yi, a fara shafa wani ruwa mai kauri mai launi wanda shi ne zai zama fuskar waje, a shimfiɗa zaren gilashin, a jiƙa shi da rezin, wani ruwa mai danƙo da ke daskarewa, a bi da rola a kore iska, in ya bushe a ɓamɓare. Warin kamar ya fasa maka kai wallahi. Ga shi baya tsatsa, kuma wannan ba ƙaramin abu bane a ƙasar da ake watsa gishiri a titi duk hunturu. Aibinsa dai in ya tsufa fuskar takan yi tsage-tsage kamar yanar gizo-gizo, amma a goge a cike a fesa fenti shikenan.

Kabon ya fi sauƙin nauyi da tauri, ba musu, tun 1981 kamfanin McLaren suka shiga babban tseren motoci na F1 da motar da aka yi gangar jikinta da shi. Sai dai mai kyan sai an gasa shi a cikin leda an zuƙe iska, in ya bugu baya lotsewa tsagewa yake, wani lokacin ma ta ciki inda ido baya gani, gyaransa kuma ba kowane gareji ba. Rana tana sa rezin ɗinsa ya koma rawaya in ba a rufe shi da fenti mai kariya ba, in ya taɓa alminiyam kai tsaye ga danshi sai alminiyam ɗin ya fara cinyewa. Kuma a kula, da yawa da ake tallan su kabon, shafi ɗaya ne aka ɗora kan faiba don ado.

Ni dai a mota ta titi faiba zan zaɓa, kabon a bar wa masu tsere. Ko wanne ka saka sai motar ta wuce gwajin IVA, wato binciken da hukuma ke yi wa irin waɗannan motocin, kafin a ba ta lamba, can har kaifin gefen bodi suna aunawa.